Hoton bango ko fita fili: wanne ya fi koya wa yara Rana da duniyoyinta?

Malama, kin tambaya ko ki sayi babban hoton Rana da duniyoyin da ke kewaya ta ki manna a aji, ko ki fitar da 'yan aji biyu zuwa huɗu fili ki nuna musu da kayan hannu. A ganina, idan ɗaya za a ɗauka, fili ya fi.

Hoton yana da amfaninsa. Yaro zai ga launin ja na duniyar Mirrihi (Mars), da zoben Zuhal (Saturn), da babban jan tabon da ke jikin Mushtari (Jupiter), kuma kullum yana gabansa har jerin ya zauna masa. Sai dai ki duba kafin ki biya kuɗi: har yanzu akwai tsofaffin hotuna masu duniyoyi 9, alhali tun 2006 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta cire Fuluto daga sahun, suka rage 8.

Matsalar hoto ita ce takarda ba ta da faɗin da za ta nuna nisa. Dole mai zane ya matse duniyoyin a layi ɗaya, kusa da juna, sai yaro ya tashi da zaton haka suke a sama. Wannan kuskuren yana da wuyar fita daga kai.

A fili kuwa, ki ajiye ƙwallon ƙafa a bakin raga, ki ce ita ce Rana. Faɗin Rana ya ninka na duniyarmu kusan sau 109, don haka duniyarmu ƙwayar gero ce guda. Ki ba wata yarinya ta riƙe a tafin hannu, ta taka wajen mita 24 daga ƙwallon. Mai riƙe da Uɗaridu (Mercury) yana mita 9, mai Zuhura (Venus) mita 17, mai Mirrihi mita 36. Waɗannan huɗun duk suna kusa da juna, suna iya jin juna idan sun ɗan ɗaga murya. Mai riƙe da Mushtari, wanda bai kai girman goro ba, sai ya wuce ɗaya ragar, ya kai kusan mita 120. Zuhal ya haura mita 200, Neftun kuma sai an yi tafiyar mita 700, wato an fita daga makarantar. A nan ne yara kan yi tsit, sannan tambayoyi su ɓarke. Lokacin ne za ki gaya musu cewa wannan ɗan takin mita 24 yana wakiltar kilomita miliyan 150, kuma hasken Rana yana yin minti 8 da 'yan daƙiƙu kafin ya iso gare mu.

Gaskiya fita fili da wahala, musamman ga aji mai cunkoso. Ki yi da safe kafin rana ta take, ki samu wani malami ya bi masu nisa, kuma ki ja musu kunne sosai kada su kalli Rana kai tsaye, domin tana lalata ido.

'Yan ƙasa da shekara shida ba su kai fahimtar wannan nisan ba, hoto da waƙar sunayen sun ishe su. Naki kuwa sun kai. Ki fara da fili, idan kuɗi ya samu daga baya ki sayi hoton, ki sa su da kansu su nuna miki inda mai zanen ya matse nisan.