Koren ƙaguwa ta share min gansakuka, namijin kuma ya cinye min murjani

Jama'a duk wanda yake da tankin murjani a gida kuma ake ta zuga shi ya sayi koren ƙaguwar nan da ake kira emeral wai ba ruwanta da murjani, don Allah ya tsaya ya ji abin da ya same ni tukuna, saboda har yanzu da nake rubutun nan raina a ɓace yake wallahi.

Ni a Amurka nake zaune, tankina galan 75 ne wato wajen lita 280, ruwan gishiri, akwai ƙananan kifayen ado, kilawun biyu da gobi ɗaya, da dodon koɗi, sauran duk murjani ne, yawanci zowa, wato mai laushin nan mai 'yan kawuna kamar furanni, da 'yan guntayen Acropora mai tauri da rassa da nake lallaɓawa a saman dutse kusa da fitila. Abin da ya kai ni ga ƙaguwar shi ne gansakukar nan mai ƙwallo, Valonia, wanda ya taɓa fama da ita ya san me nake nufi. A gindin wani guntun murjani da na saya ta shigo, 'yan ƙwallaye kore masu sheƙi guda biyu uku, har yara suna cewa suna da kyau, kafin ka ce kwabo ta cika duk wani lungu na dutse har cikin famfon da ke kaɗa ruwa. Kowace ƙwallo ɗaya ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak komai girmanta, kuma dodon koɗi ba sa ko kallonta saboda fatarta tauri gare ta. Na yi ta ɓamɓara da hannu ina zuƙewa da tiyo duk ranar canjin ruwa amma tana fin ƙarfina, wadda take can cikin rami hannu baya kaiwa.

To sai na yi oda daga wani shago ta intanet, guda uku. A shafinsu ƙuru-ƙuru sun rubuta cewa lafiya lau take zama da murjani, babu wani "amma", babu "a yi hattara", komai babu. Ni kuma da yake na ɗan yi karatun abin kafin in saya, na rubuta musu a wajen saƙo cewa don Allah ƙanana nake so kuma mata, saboda masu harkar da yawa sun ce namiji idan ya girma shi ne mai ɓarna. Kaya ya iso da rai, an naɗe shi da kyau da ɗumamar sa, wannan kam ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma ina buɗe ledar ta uku na ga wani ƙato, ƙoƙon bayansa ya kusa santimita 4 wanda kusan iyakar girmansu kenan, hannayen nan manya-manya. Na juya shi na duba cikinsa, murfin cikin siriri ne mai tsini, namiji kenan, don mace nata faffaɗa ne zagayayye da take rufe ƙwai da shi. Na tura musu saƙo, suka ce wai su ba sa tantance mace da namiji, abin da hannu ya kamo shi ake sawa, kuma kada in damu duk halinsu ɗaya. Da wannan maganar tasu na sa shi a tanki.

Gaskiya farkon zuwansu na ji daɗi ba kaɗan ba. Da rana ba ka ganinsu, suna maƙale a ƙarƙashin dutse da ƙafafunsu masu gashi, fitila tana mutuwa sai su fito aiki. Bakin hannunsu ba tsini gare shi ba irin na sauran ƙaguwa, a faɗe yake da ɗan rami kamar cokali, da shi suke kankare dutse, kuma sai ka ga ta kama ƙwallon Valonia ta fasa ta tana yagar fatar tana kaiwa baki da hannu bibbiyu. Ana cewa fasa ƙwallon a cikin ruwa yana yaɗa irinta, ni dai a tankina raguwa na ga tana yi. Dutsen gefen hagu da ya zama kore shar ya dawo da jan gansakukar nan mai tauri da kowa yake so. Har gansakuka mai gashi da ta fara tsirowa bayan famfo suka share. A lokacin da an ce in ba da tauraro, biyar zan ba su ba tare da tunani ba, har na gaya wa wani abokina da ke da ƙaramin tanki ya saya.

Kuma ba ƙarya ba ne cewa dabbar tana da amfani ga murjani a inda Allah ya halicce ta. Sunanta na kimiyya Mithraculus sculptus, da can ana ce mata Mithrax sculptus, daga tekun Karibiyan take da Bahamas da kudancin Florida, a ruwa mara zurfi. Masu bincike sun yi aiki a kanta a Belize, suka ga tana zama a tsakanin rassan murjanin Porites da na gansakuka mai tauri, tana cinye ciyayin da za su lulluɓe su, ita kuma tana samun maɓoya daga kifayen da ke farautarta. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai can teku ne, abinci baya ƙarewa, in ta gama da nan ta matsa gaba. Tanki gilashi ne kusurwa huɗu.

Abin da ya faru kuwa. Ina da wani gungun zowa da na fi ji da shi a duk tankin, tsakiyarsa ruwan lemo gefen kore mai haske, da kai uku kacal na saye shi a kan ɗan dutse, na yi ta rainonsa sama da shekara har ya rufe wuri kamar tafin hannu, duk baƙon da ya shigo falo shi yake fara nunawa. Sai na lura gefe ɗaya ya daina buɗewa. Zowa yakan yi fushi ya rufe haka kawai don haka ban tayar da hankali ba, na auna ruwa, gishiri 1.025, zafi digiri 25, alkaliniti da kalsiyam da naitiret duk suna inda suka saba. Kwana ya ja sai na ga ba rufewa kawai ba ne, kawunan ɓacewa suke yi, wurin ya zama fili sai ɗan ragowar nama a manne da dutse. Na zargi tsutsar nan da ke cin zowa, na ciro dutsen na tsoma shi a maganin wanke murjani na girgiza, babu abin da ya faɗo sai 'yan ƙwarin ruwa marasa cutarwa. Na mayar. Na duba gizo-gizon zowa, na duba katantanwar da ke cinsu, babu. Ina ta asara ban san ɓarawon ba, kullum da safe sai na ƙirga na ga sun ragu, har maman yara ta fara tambaya ko lafiya na tsaya gaban tanki ba na magana.

Wata asuba na tashi sallah, falo duhu, na ɗauki 'yar tocila mai jan haske saboda jan haske baya firgita su sosai, na haska. Wallahi tallahi ga shi nan zaune daram a tsakiyar zowan, ya kafa ƙafafu, ya sa hannu ɗaya ya kama kai guda daga gindi yana ja, naman yana miƙewa har ya tsinke, ya kai baki, ya sake miƙa ɗaya hannun ya kamo na kusa da shi. Ba gansakuka yake tsinta a tsakani ba, don na san yadda suke yin wannan, a hankali suke ɗan tsakura murjanin ya rufe na ɗan lokaci ya sake buɗewa. Wannan ci yake yi. Na ƙwanƙwasa gilashi ko gezau, sai da na sa sandar ciyarwa na taɓa shi sannan ya ɗaga min hannaye sama yana neman faɗa, ya ja da baya cikin rami da guntun zowan a hannunsa. Jikina har rawa yake. Na yi sallah amma Allah ya sani hankalina yana kan tankin.

Da na ba da labari sai aka fara min maganar da aka saba, wai yunwa ce, ai in gansakuka ta ƙare dole ka ciyar da su. To ni ina ciyarwa. Tun da na ga Valonia ta fara ƙarewa nake ɗaure nori, wato busasshen ganyen teku, a kan ɗan dutse in ajiye musu da dare, namijin ma ina kai masa ƙananan jatan landen da ake kira maisis har bakin raminsa da hantsaki, yana karɓa a gabana yana ci. Kuma lokacin da ya yi ɓarnar akwai sauran ƙwallaye a bayan tanki da bai ko je wajen ba. Wasu suka ce wai ƙaguwa ba ta cin lafiyayyen murjani sai wanda ya riga ya fara mutuwa, share mushe take yi. Wannan yana faruwa, ban musa ba, amma zowan da ya yi ta 'ya'ya har ranar da aka fara cinsa ba mara lafiya ba ne, kuma tun da na raba su ragowar suka buɗe suka ci gaba da girma, wace shaida ake nema kuma. Dabbar nan mai cin komai ce, ganye da nama, abin da ya fi sauƙi shi take ci, in ya girma ya ɗanɗana nama mai laushi da baya gudu me zai kai shi kankarar dutse.

Kamo shi ma wata wahala ce ta daban. Na sa kofin gilashi a jingine da dutse da jatan lande a ciki na bar shi ya kwana, da safe matan biyu na samu a ciki shi ko alamarsa. In ka kai hannu sai ya shige rami ya tokare da ƙafafu, in ka ja da ƙarfi ƙafar ce za ta cire ko hannu, ni kuma duk da haushin da nake ji ba na son in illata shi, rai ne, kuma ba shi ya kawo kansa daga teku ba. Ƙarshe sai da na ɗaga dutsen gaba ɗaya, dutsen da kusan rabin ginin tankin yake zaune a kansa, na sa a bokiti da ruwan tanki na jira har ya fito da kansa. Garin haka reshen Acropora ɗaya ya karye, yashi ya tashi ruwa ya yi duhu, kifaye suka ɓuya yini guda, kuma har yau ginin bai koma yadda yake ba.

Amma fa in za a yi adalci matan biyu ban kama su da laifin komai ba. Ƙanana ne, suna nan suna aikinsu, na sha haska su da dare suna bi ta kan murjani su wuce, iyaka ya ɗan rufe ya buɗe. Ɗaya ta yi saɓa kwanaki, na ga ɓawon a kwance kan yashi da ƙafafu da komai na ɗauka ta mutu, ashe tana can ɓoye tana jiran sabon jikin ya yi tauri, don haka wanda ya ga irin wannan kada ya yi saurin cewa ta mutu, ya ɗaga ɓawon ya gani, in babu nauyi kuma bayan a buɗe yake to saɓa ce. Ba su da wuyar riƙo ko kaɗan, abin da za ka kiyaye kawai kada maganin kifi mai jan ƙarfe ya shiga ruwan don yana kashe su da duk dangin jatan lande, kuma ka saba musu da ruwanka a hankali ranar da suka iso. Saboda su biyun nan na so in ce tauraro uku, ko ma huɗu ga wanda tankinsa kifi ne da dutse kawai babu murjani mai tsada.

Sai dai duk sanda na tuna amsar da shagon suka ba ni sai abin ya dawo min sabo. Na tura musu hoton zowan kafin da bayan, na tura bidiyon da na ɗauka da asubar nan duk da duhu ana ganinsa sarai, ban ce su biya ni murjani ba, cewa na yi su gyara rubutun shafinsu su sa gargaɗi ko layi ɗaya ne saboda na baya. Suka ce garantinsu na isowa da rai ne kawai, kuma kowace dabba da halinta. To in kowace da halinta me ya sa da na yi ƙorafin namijin tun ranar farko kuka ce min duk halinsu ɗaya ne? Na sake leƙa shafin, rubutun yana nan yadda yake ko wasali ba su canja ba. Akwai shagunan da suke rubuta gaskiya cewa ana iya haɗa ta da murjani amma da sa ido, wannan shi ne daidai, mutum ya san abin da zai shiga ya zaɓa da kansa. Kuma su ma matan nan girma suke yi, kowace saɓa sai sun ƙara, yanzu ba na iya kwanciya ban haska tanki ba, abin da na saya don in huta ya zama abin gadi. Tauraro biyu, ba ƙari. Abokin nan nawa ma na kira shi na ce ya juya nasa ya duba cikinsu, tankinsa galan 20 ne, gansakukar ciki ba za ta riƙe ko guda ɗaya na dogon lokaci ba.

Namijin yanzu yana tankin ƙasa wajen matatar ruwa, na sa masa dutse da gansakukar chaeto, yana cin nori da ragowar abincin kifi, can babu abin da zai ɓata. Valonia ta fara leƙowa kuma a bayan dutsen dama inda matan ba sa zuwa, an ba ni shawarar kifin foksfes wai yana cinta, amma yana girma sosai kuma ƙayoyin bayansa dafi gare su, ga shi shi ma wani lokaci yana tsakurar zowa, don haka na koma ɓamɓara da hannu da tiyo duk ranar canjin ruwa. Zowan da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin uku na da ba, na ɗauke shi daga kan dutse na sa a kan 'yar tire mai maganaɗisu a jikin gilashi can sama inda ƙaguwa ba za ta iya hawa ba.