Skipton ko Bolton Abbey: wanne ya fi sauƙi ga aljihun mai iyali?

Wata 'yar uwa a wannan zaure, wadda take zaune a birnin Bradford na Ingila tare da maigidanta da yaransu huɗu, ta tambayi inda ya kamata su kai yaran a hutun tsakiyar zango ba tare da an yi wa aljihu illa ba. Ta ce maƙwabta sun ba ta shawara iri biyu, wasu sun ce su wuni a cikin garin Skipton, wasu kuma sun ce su zarce Bolton Abbey, ita kuwa ba ta san bambancin wuraren ba. Babban yaron shekararsa 11, autan yana goye, kuma ba su da mota, sai dai wani abokin maigidan yakan yi musu tayin tasa.

Malama, na je wuraren biyu da iyalina a lokuta daban-daban, kuma abin da na fahimta shi ne, tsadar fita irin wannan tana rataye ne a kan yadda ake karɓar kuɗi. Akwai wurin da ake ƙirga kawuna a bakin ƙofa, akwai wurin da mota kaɗai ake caji ko mutum nawa ne a ciki, akwai kuma wurin da ba a karɓar ko sisi. Ga gida mai mutum shida kamar naku, wannan bambanci shi ne kusan dukkan lissafin.

Skipton ƙaramin garin kasuwa ne a arewacin yankin Yorkshire, kuma asalin sunansa a tsohon Ingilishi yana nufin garin tumaki, abin da ba zai ba ki mamaki ba idan kika leƙa ta tagar jirgi kika ga tuddan da suka kewaye shi. Jirgin ƙasa yana tashi kai tsaye daga tashar Forster Square ta Bradford, ya bi ta Shipley da Keighley, ya isa cikin kimanin minti 40. Yaron da bai kai shekara 5 ba ba ya biyan kuɗin jirgi, daga 5 zuwa 15 kuma rabin kuɗi ne. Idan kun sayi katin rangwame na Family & Friends Railcard, ana rage wa babba kashi ɗaya cikin uku, yaro kuma kashi 60 cikin 100, kuma kati ɗaya yana ɗaukar manya huɗu da yara huɗu na tsawon shekara, don haka gida mai yara da yawa yakan mayar da kuɗin katin cikin 'yan tafiye-tafiye kaɗan. Daga tashar Skipton zuwa tsakiyar gari tafiyar minti 10 ce a ƙafa.

Kasuwar garin tana ci ranakun Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar a gefe biyu na babban titi, inda 'yan kasuwa suke kafa rumfuna a kan daɓen duwatsu, ana sayar da kayan marmari da cuku da safa da huluna da tarkacen gida. Wanda ya saba da kasuwar Kurmi ko ta Dawanau zai gama zagaya ta cikin rabin awa yana murmushi, amma yara suna jin daɗinta, kuma kallo ba a biyansa. A kan titin ne kuma zauren taron gari yake, wanda a cikinsa akwai gidan tarihi na Craven da ake shiga kyauta, wurin fakewa mai kyau idan ruwa ya sauko. Sai dai a duba ranakun buɗewarsa kafin a fito.

Abin da ya fi jan mutane shi ne fadar Skipton da ke saman titin, kuma a nan ne ake ƙirga kawuna. Wani basaraken Nomandi mai suna Robert de Romille ne ya fara gina ta wajen shekarar 1090, Sarki Edward na Biyu ya miƙa ta ga zuriyar Clifford a 1310, sannan a lokacin yaƙin basasar Ingila ta jure kewayen sojojin majalisa na shekara uku kafin ta miƙa wuya a watan Disamba na 1645. Lady Anne Clifford ce ta gyara ta bayan yaƙin, kuma bishiyar da ta dasa a tsakar fadar a 1659 tana nan da ranta, an zagaye gindinta da dakalin dutse inda ake zama a huta. Darajar wannan fada a wurina ita ce rufinta yana nan daram, ba kango ba ce, yara suna iya bi ɗaki-ɗaki daga madafa zuwa zauren liyafa zuwa kurkukun ƙarƙashin ƙasa, riƙe da takardar zane da ake ba kowa a ƙofa don ta yi masa jagora. Ɗana ya fi daɗewa a wani ɗan ƙaramin makewayi da aka gina shi a jikin katanga yana leƙen rafin da ke ƙasa, ya yi ta tambaya ko da gaske manyan masu sarauta a nan suke tsugunawa cikin wannan sanyi. Tikitin babba ya haura fam 10, yara ƙasa da shekara 5 ba sa biya, kuma akwai tikitin iyali da ya fi sayen ɗaiɗai sauƙi. Matakalan ciki ƙunci gare su, keken jarirai ba ya bi, saboda haka zanin goyo ya fi duk wata dabara amfani a nan.

Idan kuɗin fadar ya yi nauyi, ba a rasa komai ba, domin a bayanta akwai kurmin da ƙungiyar Woodland Trust take kula da shi, shiga kyauta, hanya tana bin rafin Eller Beck, kuma daga can ne ma ake ganin tsayin katangar fadar a kan dutse fiye da yadda ake ganinta daga ciki. Haka nan mashigin ruwan da aka haƙa tsakanin Leeds da Liverpool, mai tsawon mil 127, wanda aka kammala a 1816 don jigilar gawayi da duwatsu da kayan masaƙa, ya ratsa tsakiyar garin. Ana iya biyan kuɗi kaɗan a shiga kwalekwale na rabin awa, ana kuma iya tsayawa a bakin ruwa a kalli dogayen jiragen da aka yi wa fenti kala-kala suna wucewa a hankali. Sannan ga filin wasa na Aireville kusa da tasha, da lilo da wurin sulɓi, inda za a ƙarasa gajiyar da yara kafin a hau jirgin komawa.

Bolton Abbey kuwa ba gari ba ne, fili ne mai faɗi a bakin kogin Wharfe, kimanin mil 6 daga Skipton, mallakin gidan sarautar Devonshire. A tsakiyarsa akwai kangon gidan ibadar 'yan zuhudu da aka kafa wajen 1154, wanda aka rufe a 1539 lokacin da Sarki Henry na Takwas ya rusa irin waɗannan gidaje a faɗin ƙasar, amma aka bar sashe ɗaya da har yau mutanen yankin suke amfani da shi a matsayin coci. Tsarin biyan kuɗi a nan shi ne mota ake caji, kuɗin ya haura fam 10, yakan kuma ragu idan an biya ta intanet tun kafin ranar. Ko mutum biyu ne a motar ko bakwai, kuɗin ɗaya ne, kuma da shi za a wuni tun safe har yamma. Ki kwatanta wannan da ƙofar da za a ƙirga ku ɗaya bayan ɗaya, za ki ga dalilin da ya sa manyan iyalai daga Bradford da Keighley suke cika wurin duk ranar da rana ta fito, da tabarmi da kuloli.

Abin da yara suke zuwa dominsa shi ne jerin duwatsun tsallaka kogi, kusan guda 60, waɗanda ake takawa ɗaya bayan ɗaya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Akwai gada a gefe ga wanda ba ya son kasada, ni ma ta kanta nake bi. Ranar da muka je, 'yata ta kai tsakiya ta tsaya cak, ta ƙi gaba ta ƙi baya, layi ya taru a bayanta, har sai da wata dattijuwar Baturiya ta miƙa mata hannu suka ƙarasa tare, takalmi ɗaya sharkaf da ruwa. Tun daga ranar ba ma fita sai da safa da takalmin canji a jaka. A ɗaya gaɓar akwai ɗan rairayi inda ƙananan yara suke wasa da ruwa, kuma a kan hanyar kurmi akwai kututtukan da aka yi wa ƙusa da ɗaruruwan kwabbai, abin da yara ba sa wucewa sai sun tsaya ƙirgawa.

Akwai gargaɗi guda da ba zan sassauta ba. Idan aka bi kogin sama ta cikin kurmi, za a isa wurin da ake kira Strid, inda ruwan duka yake matsewa tsakanin duwatsu har faɗinsa ya koma kamar taku biyu, mutum ya ga kamar zai iya tsallakewa. Zurfi ne da shi ƙwarai, ruwan ya rarake ƙarƙashin duwatsun, gefen kuma santsi ne, ya kuma ci rayuka da dama. Idan za ku kai can, kowane yaro ya kasance a hannun babba, idan kuwa hannuwan ba za su isa ba, a tsaya a ƙasa wajen kangon, babu abin da aka rasa.

Sauƙin Bolton Abbey duka a kan mota ya dogara, kuma a nan ne tayin abokin maigidanki yake buƙatar nazari. A Ingila inshora ba ta bin mota kawai, dole sunan direban ya shiga ciki, don haka sai an sayi inshorar wucin gadi ta wannan rana, tuƙi ba tare da ita ba kuwa laifi ne da ake iya ƙwace mota a kansa. Na biyu, mutum shida ba sa shiga mota mai kujera biyar, ba a ɗora yaro a cinya, kuma duk yaron da bai kai shekara 12 ko tsayin santimita 135 ba sai an sa masa kujerarsa ta musamman. Idan motar mai kujera bakwai ce kuma kujerun yara suna hannu, to Bolton Abbey ta fi araha nesa ba kusa ba. Idan ba haka ba, sai an haɗa kuɗin jirgi da na bas ko tasi daga Skipton, bas ɗin kuma ba ta yawan zirga-zirga, rangwamen ya tafi ke nan. Akwai tsohon jirgi mai hayaƙi da yake tashi daga ƙauyen Embsay, abin sha'awa ne ga yara, amma shi ma kai-kai ake biya, kuma tasharsa tana da nisan kusan mil ɗaya da rabi daga kangon, wanda ba ƙaramar tafiya ba ce da goyo da jakar abinci.

Yanayi ma yana raba su. Skipton tana da rufi, idan ruwa ya kece ana shiga fada ko gidan tarihi ko wani shago, Bolton Abbey kuwa sarari ce, idan aka yi ruwa mai yawa kogin yakan shanye duwatsun tsallakawa, hanyoyi su zama taɓo. Hutun ƙarshen Mayu ya dace da bakin kogi, domin rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. A hutun ƙarshen Oktoba kuwa, da zarar an mayar da agogo baya, duhu yana shiga kafin ƙarfe 5, a na Fabrairu kuma sanyin bakin ruwa ba na jariri ba ne.

Game da abinci, a wuraren biyu kula ta fi sayen waje, kuma a nan ne yawancin kuɗi suke zurarewa ba a sani ba, domin shayi da biredi na mutum shida a shagon 'yan yawon buɗe ido yana iya kai kuɗin ƙofar fada. Dafa-duka da dambun nama da fulas ɗin shayi sun wadatar. Idan za a sayi wani abu a Skipton, a lura cewa garin ya yi suna da fanken naman alade, kuma shagunan soyayyen kifi da dankali da yawa a Yorkshire da kitsen shanu suke suya, don haka a tambaya kafin a biya. Akwai masallaci a garin ta ɓangaren titin Broughton, ba nisa da tasha, a Bolton Abbey kuwa sai dai a tafi da darduma da gorar ruwa a sami gefe a kan ciyawa.

Da ni ne a matsayinku, ba mota kuma ga goyo, Skipton zan zaɓa a wannan hutu, in daidaita tafiyar da ranar kasuwa, in biya kuɗin fada sau ɗaya domin babban yaron ya kai shekarun da zai riƙe abin da ya gani, sauran wunin kuma a kurmi da filin wasa. Bolton Abbey a bar ta sai damina ta Turawa ta yi sauƙi a Mayu ko Yuli, lokacin da za a iya haɗa kai da wani gida mai babbar mota a raba kuɗin mai da na fakin. A wannan tafiya ta biyu, idan ƙafar yaran ta yi ƙwari, ana iya musanya ta da Malham, mil 11 daga Skipton, inda wani dutsen farar ƙasa mai tsayin mita 80 ya tsaya kamar katanga, ana hawa samansa ta matakala kusan 400, kuma kuɗin fakin kaɗai ake biya. Hanyar tana ratsa gonakin mutane ne bisa haƙƙin wucewa da doka ta ba masu tafiya a ƙafa, saboda haka a ja wa yara kunne su rufe duk ƙyauren da suka buɗe, kada kuma su bi tumaki da gudu.