Garejin da ya hana ni sayen wata giya

Motata otomatik ce mai giyar CVT, irin wadda ba ka jin tana sauya ɗaya, biyu, uku. A watan Afrilu, da zafin Damagaram ya kai intaha, ta fara yi mini gardama. In na taso daga Mirriya sai injin ya yi ta kuka, mota kuwa ta ƙi gudu, sai fizga. Makanikin farko ko leƙawa bai yi ba, ya ce in aika Kano a kawo wata giyar.

Wani aboki ya kai ni wani gareji a Sabon Gari, nan Damagaram. Maigidan ya jona na'urar gano matsala, lamba P0746 ta fito, mai nuna matsala a matsin man giya, ya ce, "Alhaji, zauna tukuna, ba ta mutu ba."

Bayanin da ya yi mini shi ya sa nake wannan rubutu. Cikin giyar akwai faifai biyu, kowane kamar mazurari biyu da suka fuskanci juna, da bel na ƙarfe a tsakani. Mai ne ke matse su. Famfo yana turo man, solenoyid kuma shi ke ƙayyade ƙarfinsa: naɗin waya ne da ke zama maganaɗisu, kwamfutar giya tana kunna masa wuta tana kashewa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, shi kuma yana motsa ɗan bawul da ke riƙe mai ko ya sake shi. Matsi ya yi kaɗan, bel ya zame ya kankare faifan. Ya yi yawa, giya ta ɗau zafi.

Da ya kwance kaskon ƙasan giyar, maganaɗisun da ke cikin kaskon ya yi baƙi ƙirin da garin ƙarfe. Laifina ne. Ni na yarda aka zuba man otomatik na gama-gari don ya fi araha, alhali CVT nata man daban.

Ya wanke gidan bawuloli, ya sauya solenoyid da matatun mai, ya zuba man da ya dace. Inda ya ɓata mini rai: kwana uku ya ce, sai da ta yi tara, waya kuma sai ya ga dama yake ɗauka.

Na je Maradi na dawo, ba fizga. Akwai ɗan ƙugi da ya rage in na taka sosai, amma tun kafin in biya ya gaya mini bel ya riga ya ji jiki.