Bhaja da Lohagad ko Ellora da Daulatabad: ina za ka fara zuwa?

Ƙanenmu da ya zo karatu Pune, a ƙasar Indiya, ya yi tambaya jiya da daddare. Ya samu hutun kwana uku, kuɗin hannunsa ba su da yawa, abokan ajinsa kuma sun rabu biyu: wasu sun ce ya je kogwannin Bhaja ya hau ganuwar Lohagad, wasu sun ce sam, Ellora da Daulatabad ne wurin zuwa. Yana son wanda ya taka wuraren ya faɗa masa bambancinsu.

To ƙanena, na je duka biyun lokacin da nake zaune a can, Bhaja sau uku, Ellora sau ɗaya. Dukansu a jihar Maharashtra suke, kuma zubinsu ɗaya: kogwannin da mabiya addinin Buda suka sassaƙa cikin baƙin dutse, sai tsohuwar ganuwar yaƙi a kan tsauni kusa da su. Amma ni shawarata, ka fara da Bhaja. Sauƙin kuɗi na cikin dalili, sai dai akwai wanda ya fi shi, zan zo kansa.

Maganar hanya ba ta da tsawo. Daga tashar Pune ka shiga jirgin ƙasan da ke jigila zuwa Lonavala, ka sauka a Malavli, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai. Daga nan ƙauyen Bhaje kusa ne, ko ka taka da ƙafa ko ka hau a-daidaita-sahu. Ka fita bayan asuba, ka ga kogo ka ga ganuwa, ka yi isha'i a ɗakinka. Ellora kuwa sai ka fara zuwa Aurangabad, fiye da kilomita 230 daga Pune, awa biyar a mota idan hanya ta yi kyau. Tun 2023 sunan garin a hukumance Chhatrapati Sambhajinagar, amma a tasha duka sunayen biyu za ka ji ana kira. Daga garin, Daulatabad kamar kilomita 15 ne, Ellora kamar 30, a kan titi ɗaya. Dole ka kwana. Kuma ka riƙe wannan da kyau: ranar Talata Ellora a rufe take.

Yanzu kogwannin.

Na Bhaja guda 22 ne, an fara sassaƙa su wajen ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, wato suna cikin mafiya tsufa a duk Indiya. Bayan ka gama hawan matakala, abin da zai fara tarar ka shi ne wani ƙaton baki mai siffar kofaton doki a jikin dutse, a buɗe, ba ƙofa. Wannan shi ne zauren ibadarsu. Ginshiƙai ne jere hagu da dama, masu kusurwa takwas, kusan ba ado a jikinsu, a can ƙurya kuma wani curin dutse kamar an kife ƙwarya a kan turmi. Shi suke kira stupa, shi suke kewayawa. Babu mutum-mutumin Buda a gabansa, domin a wancan zamanin ba su fara sassaƙa surarsa ba.

Idan ka shiga, ka ɗaga kai. Rufin ya lanƙwaso kamar bakan gizon soron gidan sarauta, a jikinsa kuma an jera haƙarƙarin katako. Katako na gaske, wanda aka kafa fiye da shekara dubu biyu, yana nan bai ruɓe ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne wannan katakon ba ya ɗauke da komai. Dutse ne a samansa, tsauni guda, ba ya neman madogari. Sannan ka duba ginshiƙan: sun ɗan karkato ciki, ba su miƙe sak ba. A ginin itace ana karkatar da ginshiƙi haka don ya tare nauyin rufi. A cikin dutse ba shi da amfani. Masassaƙan nan magina katako ne da suka shigo aikin dutse, hannunsu bai saki abin da ya saba ba, suka kwaikwayi ɗakin da suka sani har da abin da ba a buƙata. Na daɗe a tsaye a wurin, ina ganin kamar na kama mutum yana tsakiyar koyon sana'a.

Sauran kogwannin ɗakunan kwanan 'yan zuhudunsu ne. Ƙanana, kowanne da gadon dutse da aka fitar daga bango, za ka iya zama a kai ka ji sanyinsa. Akwai ramukan tara ruwan sama da har yanzu suke riƙe ruwa. Gaba kaɗan akwai stupa 14 a cunkushe wuri ɗaya, biyar a ƙarƙashin dutse, tara a waje, na tunawa da malamansu da suka rasu a nan, wasu ma da sunayen a rubuce. Kogo ɗaya ne ke da sassaƙa mai yawa a bakin ƙofa, wani a keken dawaki, wani a kan giwa.

Me ya kawo su wannan tsauni? Fatauci. Hanyar da ke tasowa daga tashoshin ruwan gaɓar teku zuwa tudun Deccan ta wannan mashigi take bi. 'Yan zuhudu na buƙatar wurin fakewa su yi zaman damina, fatake na buƙatar zango, su ne kuma masu bayar da sadakar da aka yi aikin da ita. A Karla, ƙetaren kwarin, inda akwai zaure irin wannan amma ya fi girma nesa ba kusa ba, sunayen masu bayarwa na nan a jikin ginshiƙai, har da waɗanda suka kira kansu Yavana, wato mutanen da ake dangantawa da Girka.

Ellora wata duniya ce. Kogwanni 34 ne a jere a gefen tsauni, tsawon kusan kilomita biyu, an yi su tsakanin ƙarni na 6 da na 10 miladiyya. Na 1 zuwa na 12 na mabiya Buda ne, na 13 zuwa na 29 na Hindu, na 30 zuwa na 34 na mabiya addinin Jain. Tun 1983 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Yawancin jama'a suna shiga ne su miƙe kogo na 16, Kailasa, wanda ake dangantawa da sarki Krishna na ɗaya na daular Rashtrakuta a ƙarni na 8. Wurin ibadar Hindu ne da aka fara sara daga saman tsauni ana gangarowa, har aka fitar da gini sukutum daga dutse ɗaya, ba a ɗora ko tubali ba. Zai ɗaure maka kai, babu shakka. Amma tunda kogwannin Buda muke kwatantawa, ka karya dama ka nufi na 10.

Ga dalilin da na ce ka fara da Bhaja. Kogo na 10 zaure ne irin na Bhaja sak: ginshiƙai, rufi mai lanƙwasa, stupa a ƙurya. Haƙarƙarin rufin ma suna nan. Sai dai a nan dutse ne, an sassaƙa shi ya yi kama da katako, har mutanen wurin ke ce masa kogon kafinta. A gaban stupa kuma ga ƙaton Buda a zaune, ƙafafu a ƙasa, hannuwa a ƙirji kamar mai ba da karatu. Kusan shekara 800 ke tsakanin zaurukan biyu. Wanda ya fara ganin Bhaja, da ya shiga nan zai ga shekarun da idonsa: katako ya koma dutse, zauren da ba sura ya cika da surori. Wanda bai gani ba zai ce wuri ya yi kyau, ya ɗauki hoto ya fita. Ka leƙa na 12 ma, bene ne hawa uku, daga waje kamar ɗakin kwanan ɗalibai, a hawan ƙarshe kuma Buda ne a zazzaune sahu-sahu.

Na san wasunmu ba sa sakewa a wurin da gumaka suka yi yawa. Idan kana cikinsu, Bhaja za ta fi yi maka daɗi, Ellora kuwa ko'ina ka juya su ne.

A wajen ganuwa lissafin ya juya, Daulatabad ce a gaba.

Lohagad, ma'anar sunan ganuwar ƙarfe, tana kan tsauni mai tsayin mita 1,033, kana hango ta daga Bhaja. Ƙofofi huɗu ne a kan hanyar hawa, wadda ta yi ta murɗewa, kowace ƙofa tana ƙarƙashin idon ta samanta. Shivaji, wanda ya kafa daular Maratha, ya kama ta a 1648, ya miƙa ta ga Mughal, daular Musulmi da ke mulkin yawancin Indiya a lokacin, a yarjejeniyar Purandar ta 1665, ya ƙwato ta a 1670, ya ajiye ganimar da ya kwaso daga birnin Surat a ciki. A 1818 Turawan Ingila suka hau Visapur, tsaunin da ke maƙwabtaka da ita wanda ya ɗan fi ta tsayi, suka girka igwa, masu tsaron Lohagad suka bar ta. A 2025 ta shiga jerin UNESCO tare da wasu ganuwoyin Maratha 11. A sama gine-gine kaɗan ne suka rage: tafkunan ruwa, hubbaren wani bawan Allah, sai wani siririn hancin dutse da ya miƙe can gaba wanda suke kira Vinchu Kata, wutsiyar kunama. Daɗin Lohagad iska ce da hange, tafkin Pawna shimfiɗe a ƙasa, gajimare na wucewa ta gefenka.

Daulatabad kuwa tsaunin kansa aka gyara ya zama makami. Curi ne guda mai tsayin kusan mita 200 a tsakiyar fili. Aka sassabe gindinsa kewaye, aka mayar da shi bango a miƙe na kusan mita 50, ko ƙadangare sai ya yi da gaske, aka haƙa gwalalo a ƙasansa. Sana'ar sara dutsen da ta yi wurin ibada a Ellora ita ce ta yi wannan. Hanya ɗaya ce zuwa sama, ta cikin wani rami mai duhu da suke kira Andheri. Ka kunna fitilar wayarka kafin ka shiga. Warin kashin jemage zai fara dukan hancinka, matakalar ba daidai suke ba, hanyar tana juyawa inda ba ka zata ba, kuma da gangan aka yi ta haka don maharin da ya shigo ya ruɗe. Na dafa bango na ji shi da danshi, jemagu na kaɗa fiffike a saman kaina, na fahimci abin da ya sa ba a cika cin wannan wuri da ƙarfin tsiya ba.

Yunwa ce ke cin sa. Asalin sunansa Devagiri, babban birnin sarakunan Yadava tun ƙarshen ƙarni na 12. Da Alauddin Khalji, wanda daga baya ya zama sarkin Delhi, ya kawo hari a 1296, marubuta tarihi sun ruwaito cewa buhunan da aka kwasa aka shige da su ganuwa ana zaton hatsi ne, da aka buɗe sai ga gishiri. A 1327 Sultan Muhammad bin Tughluq ya sa masa suna Daulatabad, ya mayar da shi babban birni, ya taso mutanen Delhi suka yi tafiyar fiye da kilomita dubu, da yawa suka mutu a hanya, bayan 'yan shekaru kuma ya janye shawarar. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya yi wa wannan sarki alƙalanci a Delhi, ya biyo ta nan, ya ba da labarin tsanin fata da ake janyewa da dare da kurkuku mai ɓeraye da suka fi kyanwa girma. Shi ne dai mutumin da a 1353 ya sauka Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, ya rubuta cewa ana kai tagullarta Gobir da Barno. Ido ɗaya ya ga can ya ga nan.

A ciki za ka ga Chand Minar, doguwar hasumiya ta ƙarni na 15, da Chini Mahal inda Aurangzeb, sarkin Mughal, ya tsare sarkin daular Golconda na ƙarshe bayan 1687, da wata igwa da aka ƙera gindinta da siffar kan rago. Matakala kusan 750 ne zuwa ƙololuwa. Ka tafi da ruwa, ka ɓoye abinci daga birai.

Akwai abu ɗaya da ɓangaren Lohagad ba shi da kamarsa. Tsakanin Daulatabad da Ellora akwai garin Khuldabad, a nan kabarin Malik Ambar yake. Ɗan Habasha ne, an sayar da shi bawa yana yaro, ya bi ta Bagadaza ya iso Deccan, ya zama mai juya daular Ahmadnagar, ya hana Mughal sakat har ya rasu a 1626. Shi ya kafa garin da daga baya ya zama Aurangabad. A hannun ɗansa Fath Khan Mughal suka karɓi Daulatabad a 1633, bayan doguwar kewayewa da yunwa. Ni dai da na tsaya a gaban hubbarensa, baƙar fata ɗan'uwana da ya yi mulki a wannan nisan duniya, sai da jikina ya yi sanyi. Kabarin Aurangzeb, wanda ya rasu a 1707, yana garin shi ma, ƙasa ce kawai a buɗe ba ƙubba.

Abinci da salla sun fi sauƙi a Aurangabad da Khuldabad, Musulmi na da yawa, masallatai ko'ina, ka nemi naan qalia, gurasa ce da romon nama. A gindin Lohagad shayi ne da gasasshiyar masara da soyayyen dankali cikin burodi, ka tafi da dardumarka. A ƙofar shiga kuma baƙo ya fi ɗan ƙasa biya sosai, Ellora ta fi tsada. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce: Lohagad ta fi kyau a lokacin, kore shar, ruwa na zubowa ta gefen kogwannin Bhaja, amma matakala na da gansakuka da santsi, Asabar da Lahadi kuma mutanen Mumbai da Pune sun cika wurin maƙil. Daulatabad ta fi daɗin hawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Afrilu da Mayu zafinta ba ya da kyau.

Da kwana ukun nan naka, ga yadda zan yi. Ranar farko Bhaja da sassafe kafin jama'a su taru, Lohagad da hantsi, ka dawo Pune ka huta ƙafa. Idan aljihu ya yarda, ka bi motar safe ta rana ta biyu zuwa Aurangabad, ka hau Daulatabad da la'asar sakaliya. Rana ta uku ka kasance a ƙofar Ellora da an buɗe, kogo na 10 tukuna, sannan Kailasa, ka yi azahar a Khuldabad ka kamo hanya. Idan bai yarda ba, ka ƙara Karla a rana ta biyu, jirgin Malavli ɗin nan dai zai kai ka, ka bar Ellora sai hutun sanyi.