Na mayar da Windows ɗina kan SSD ba tare da fomatin ba, ga abin da na gani

Jama'a duk mai tsohuwar laftof da ke ja mishi rai, kafin ya sayar ya cika kuɗi ya sayi wata, ya duba had disk ɗinta tukuna. Ni shagon buga takardu gare ni nan Birnin Kebbi, galibin aikina furojet ɗin ɗaliban kwalejin Waziri Umaru ne sai katin biki da na suna, kuma laftof ɗin ta hannu ce mai had disk 1TB, irin mai faifai ɗin nan da ke juyi 5400 a minti. Ta kai sai in kunna ta in share shago in goge tebur tana nan tana ta lodi, kwastoma na tsaye da filashi a hannu yana kallona.

Duk wanda na yi wa maganar sai ya ce sayi SSD, wato ma'ajiya marar faifai da ake sawa a gurbin had disk, a yi maka fomatin a sa sabon Windows. To ni abin da ba na so ke nan. Cikin injin nan akwai direban tsohuwar firintata, akwai CorelDraw da salon haruffan da na daɗe ina tarawa, akwai allon rubutun da na saita don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai a katin biki, ga tsarin shafin furojet da na gyara yadda malamai suke so. Fomatin zai share wannan duka, sannan a zo a ƙona data wajen sake sauke su, wasu ma ba lalle in same su ba. Abin da nake so a ɗauke gidan gaba ɗaya a aje shi a sabon fili, shi ne masu gyara ke ce wa kulonin.

Samsung 870 EVO mai 500GB na saya, kuma wani yaro mai gyaran kwamfuta ya yi min aikin a gabana. Gaskiya yaron ya burge ni don bai yi gaggawa ba. Da farko ya haɗa SSD ɗin da kebul na USB zuwa SATA ya buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar disk, ya juyo min allon ya ce, "Yaya duba nan, wanga layin shi ke nuna awa nawa anka yi ana amfani da shi, in sabo ne za ka ga kusan babu komai." Wannan kaɗai ya isa darasi, don kasuwa cike take da wanda anka cire daga wata na'ura anka sa mishi sabon kwali, kai da ido ba ka ganewa.

Sai batun wuri. 500GB ɗin da ke jikin kwali in ka sa a Windows kusan 465GB yake nunawa, kuma kayana sun fi haka, dole munka kwashe bidiyon bukukuwa da tsofaffin hotuna zuwa wani waje. Da manhajar da ya yi amfani da ita, girman tsohon disk ba shi ne matsala ba, abin da ke cikinshi ne dole ya shiga sabon. Ya kuma duba ko BitLocker, wato makullin da Windows ke rufe bayanan disk da shi, na kunne, ya ce in yana kunne gara a kashe shi kafin a fara. Daga nan ya buɗe Data Migration, manhajar kulonin ta Samsung, kyauta ne amma sai in SSD ɗin da za a kwafa a kai nasu ne, mai wani kamfanin yana iya amfani da Clonezilla, ita ma kyauta ce.

Abu biyu nake so kowa ya riƙe a nan. Wuta, don in aka ɗauke tsakiyar kwafi kuma batirinka ya mutu sai an faro daga farko, mu kan inbata munka jona. Sai ramin USB, a sa a mai launin shuɗi wato 3.0, don 2.0 ba ya wuce 480 megabit a daƙiƙa, sai ku wuni a zaune. Da anka gama ya kashe na'ura, ya kwance sukurori, ya zare tsohon gaba ɗaya ya sa sabon a gurbinshi kafin ya kunna. Hoton 'yata da ke bango yana nan, fayilolin da na watsa a fuskar allo kowanne na inda na bar shi, na tura takarda firinta ta karɓa nan take. Lasisin Windows ma bai motsa ba, saboda da madabod, wato babban allon cikin na'ura, yake ɗaure ba da disk ba.

Saurin kam ba a magana, ƙasa da rabin minti ta tashi, CorelDraw da nake jira yanzu dannawa ce kawai. A takarda SSD ɗin yana karatu har 560MB a daƙiƙa, tsohon kuwa wajen 100 ne, amma ainihin bambancin shi ne babu allurar da za ta yi ta yawo kan faifai tana neman ƙananan fayiloli. Wancan ƙas ƙas ɗin da nake ji ƙarƙashin tafin hannuna ya ɓace, kuma yanzu ina hawa kabu-kabu da ita a jaka hankalina kwance, tunda babu abin da ke juyi a ciki balle gargada ta lahanta shi.

Amma kar wani ya ɗauka maganin komai ne. RAM ɗina, wato wurin da na'ura ke riƙe aikin da take kai a lokacin, 4GB ne, in na buɗe shafuka da yawa har yanzu tana nauyi, intanet ma yadda yake haka yake. Kulonin kuma ba ya tace komai, in akwai bairos ko tarkace tare za su koma, kuma in tsohon disk ya riga ya fara lalacewa kwafin na iya tsayawa a hanya, mai irin wannan gara ya ceci fayilolinshi ya yi sabon Windows. Sannan Windows 10 ɗin da na kwafa Microsoft ta daina tallafa mishi tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana son TPM 2.0 (wani sashen tsaro a cikin na'ura) da UEFI (sabon tsarin tada na'ura), SSD ba ya ba tsohuwar na'ura waɗannan. Kafin ka biya kuɗi kuma a buɗe laftof ɗin a ga ramin da ke ciki, na inci 2.5 ne ko M.2, don ba sa shiga gurbin juna.

Tsohon disk ɗin ban goge shi ba, na saya mishi ɗan akwati na USB, duk ƙarshen mako nake zuba aikin kwastomomi a ciki, don SSD in zai mutu ba ya ƙara, sau da yawa ma ba ya gargaɗi, kuma furojet ɗin ɗalibi amana ce a hannuna. In Allah ya hore kuɗi RAM zan ƙara zuwa 8GB, kuma wajen yaron nan zan koma.