Rauta a jikin injin zarto ko teburinta daban? Amsar tambayar ɗan'uwanmu

Salam 'yan uwa. Jiya wani ɗan'uwa a nan guruf ya yi tambaya, ya ce yana da injin zarto na tebur kuma ya sayi rauta ta gyaran bakin katako, wurin aikinsa ƙarami ne, shin ya cire fiffiken injin na gefe, wato ƙarin teburin da ke manne a gefensa, ya ɗaura rautar a wurin ne ko ya haɗa mata teburinta daban. Na ga an ta ba shi amsa da layi ɗaya ɗaya, wannan ya ce ɗaura kawai wancan ya ce kar ka soma, to ni duka biyun na yi aiki da su, bari in ɗan zauna a kan maganar.

Malam abin da ke jan mutane zuwa ɗaurawa a jikin injin shi ne wuri, kuma gaskiyarsu ne. Fiffiken nan na dama yawanci zaman banza yake sai dai a jibge masa guntayen katako da tef, ƙasansa ma fili ne, to ka ga in rauta ta shiga nan ba ka ƙara ko taku ɗaya a ɗakin ba. Ga faɗi kuma, injinan da samansu ƙarfen zubi ne galibi inci 27 ne daga gaba zuwa baya, in ka haɗa da tsawon teburin gaba ɗaya ka samu shimfiɗar da ƙaramin teburin rauta ba zai taɓa ba ka ba, ƙofar kabad babba za ta kwanta lafiya ba ta rinjaya. Nauyin injin shi ma yana shanye girgiza. Tebur daban kuwa sai ka nema masa gurbi, kuma ba gurbin kansa kaɗai ba, har da inda dogon katako zai shiga da inda zai fita.

Amma inda maganar take shi ne fens, wato katangar da kake jingina katako kana turawa. Kowa cewa yake ai riba biyu ce, fens ɗaya ya yi maka aiki biyu. Ni wannan ribar ita ta fi ba ni ciwon kai wlh. Ka saita rauta ka ɓata minti goma sha biyar kana gwaji da guntun katako har kwarin ya fito daidai yadda kake so, kana cikin aiki sai katako ɗaya ya tsage, dole ka yanko wani a zarto, kuma fens ɗin da za ka yanka da shi shi ne wanda ka saita ɗin, da ka matsar da shi shikenan saitin ya tafi sai ka sake daga farko. Ko da fens ɗin ba ɗaya ba ne, in abin da za ka yanka mai faɗi ne kamar filawud, bakin rautar da ya leƙo sama zai tare maka hanya, sai ka saukar da shi, tsayin da ka saita shi ma ya tafi. A tebur daban babu wannan rigimar ko kaɗan, ka bar rauta a yadda take ka je ka yi yankanka ka dawo ka tarar da ita tana jiranka. Wanda sana'arsa ce yana fitar da ƙofofi da firem kullum, wannan kaɗai ya isa ya sa shi ware mata tebur.

Sannan fens ɗin zarto ba don rauta aka yi shi ba. Na rauta yana da rami a tsakiya inda baki ke ɓuya rabinsa a ciki, na zarto kuwa miƙaƙƙen ƙarfe ne ko alminiyom, ka matso da shi kusa da baki mai juyawa sau 20,000 a minti ka ga abin da zai faru. Dole sai ka haɗa wani akwatin katako mai rami ka maƙala a jikinsa. Kuma irin fens ɗin nan samfurin Biesemeyer a gaba kawai yake kullewa, bayansa a sake yake, a zarto ba matsala amma a rauta kana danna katako da ƙarfi a jikinsa yana iya ɗan gocewa, in ba ka sa kilam, wato matsi na ƙarfe, a ƙarshen ba.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka ka riƙe don wannan maganar yatsu ce. Rauta in an kifa ta a ƙarƙashin tebur, bakin yana juyawa ne saɓanin hannun agogo in kana kallonsa daga sama, saboda haka in kana fuskantar fens daga dama zuwa hagu ake tura katako. A tebur daban wannan a bayyane yake. A fiffiken dama kuwa, in fens yana tsakanin zarto da rauta, za ka tsaya a ƙarshen teburin ne ka riƙa turowa daga bayan injin zuwa gabansa, wato akasin yadda hannunka ya saba a zarto, kuma ranar da ka manta ka tura yadda ka saba bakin zai fizge katakon ya wurga shi, hannunka na biye. A fiffiken hagu turawar takan zo daidai da ta zarto, shi ya sa wasu suka fi son can, sai dai ka leƙa ƙasa tukuna ka ga ko murfin moto ko hannun karkatar da zarto bai tare wurin ba. Kuma ko a ina ka ɗaura, kar ka taɓa cusa katako tsakanin baki da fens don gyaran gefe.

Ƙura kam tebur daban ya yi nasara ba gardama, ana rufe ƙasansa kamar akwati a sa bututun inci 4 a ƙasa da na inci 2 da rabi a bayan fens, ƙarar ma tana raguwa. A fiffike sai ka gina akwatin da kanka, in ba haka ba garin katako har cikin aljihunka.

Yanzu kai mai tambaya, abin da ba ka faɗa mana ba, wane irin inji ne da kai? In ƙaramin nan ne na ɗauka a kai wurin aiki mai saman alminiyom, ni dai ban ba ka shawara ba, babbar rauta kamar Triton TRA001 ta kai wajen kilo 6, ka rataya ta a gefe ɗaya ka ɗora katako ka danna, injin zai nemi kifewa, kuma sandunan fens ɗinsa ba su da ƙarfin ɗaukar komai. In mai ƙarfen zubi ne mai dogayen sanduna to bismilla.

In ka tashi ɗaurawa a jikin injin, ga yadda zan yi da ni ne. Saman sabon fiffiken ya zama MDF, wato allon garin katako da aka matse, mai kaurin inci 3/4 guda biyu a manne, a lulluɓe da fomika sama da ƙasa don kar danshi ya shiga ta gefe ɗaya ya banƙare shi, a sa masa ƙarfafa ta ƙasa kusa da ramin saboda nauyin rauta a hankali yake lotsa tebur, ba ka lura sai ranar da kwari ya fara fita da zurfi biyu. Ƙafafu biyu a ƙarshe masu noti na daidaita tsayi. Ka sayi farantin da rauta ke ɗaurewa a jiki kafin ka huda komai, don girmansu ba ɗaya ba ne, na Kreg inci 9 1/4 ne da 11 3/4, na Rockler kuma 8 1/4 da 11 3/4, na san wanda ya huda rami tukuna faranti ya zo ya faɗa ciki. Wajen ɗaurawa ka ɗora doguwar rula ta ƙarfe ta haye teburin zarto da sabon fiffiken, kar fiffiken ya fi teburin zarto tsayi ko da kaurin takarda, gara ma ya ɗan yi ƙasa kaɗan da ya tare katako. Makunni daban mai babban maɓallin kashewa a inda gwiwarka za ta kai, ba wai ka riƙa laluben ƙarƙashin tebur rauta na gudu ba.

Sai kuma ka yi mata fens nata na kanta wanda ake ɗaurewa da kilam ko a kan layin ƙarfe biyu da fens ke zamewa a kai a jikin fiffiken, ka bar na zarto ya yi aikinsa. Da wannan rabin matsalar da na lissafa a sama ta kau, saura ta filawud mai faɗi, ita kuma maganinta ka gama duk yanke-yankenka har da rarar katako biyu uku kafin ka taɓa rauta.

Turo mana hoton injin ta gefe da ta ƙasa mu ga inda moton yake.