Modil ɗin wuta na Golf 2: wanda ba shi da suna yana aiki, amma da sharaɗi

Na gwada sabon modil mai ƙafa 7, wato 'yar na'urar da ke kunna wa bobin (kwayil) wuta tana kashewa don buji ya ba da tartsatsi, irin wanda ake samu a shagunan kayan mota na Damagaram cikin kwali marar sunan kamfani, a kan Golf 2 mai karburato. Mota ta tashi bugu ɗaya, wutar buji shuɗiya ce mai ƙarfi, kuma ta jure ranar bazara. Abin da ya ɓata mini rai shi ne babu man sanyaya da ake shafa wa bayan modil a kwalin, alhali ran modil a wannan farin man yake.

Kafin ka fidda kuɗinka, tabbata modil ɗin motarka ne ya mutu. Alamarsa sananniya ce: mota na tafiya lafiya, da inji ya ɗau zafi sai ta mutu, ta huce ta sake tashi. Zare babbar wayar bobin daga kan delko, wato mai raba wa buji wuta, ka riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin inji, wani ya murza makulli. In ba tartsatsi, auna ƙafa ta 4 da ta 2 a soket ɗin modil da kontak a buɗe. Ya kamata ka ga kusan bolt 12. Ƙafa ta 3, 5 da 6 na na'urar Hall ce da ke cikin delko, wadda ke ba modil sigina, ita ma takan mutu da irin wannan alama.

Sauyin kansa aikin minti 20 ne. Cire kan batir na mas, wato mai alamar (-), ɗaga murfin robar da ke gindin gilashin gaba, modil na ƙarƙashinsa, zare soket, kwance sukurori 2.

A nan ake yin ɓarna. Modil yana zaune kan farantin alminiyo da ke shanye zafinsa. Tsohon mai da ƙurar hunturu sukan daskare a kai kamar busasshen kunu. Kankare su, goge da fetur har ƙarfen ya yi ƙyalli, sannan ka shafa sabon mai siriri, kamar ƙwayar wake ka baza. Masu gyaran rediyo da kwamfuta suna da shi. Giris ba ya maye gurbinsa, don Allah kada a sa. Ɗaure sukurori daidai wa daida, kada bayan modil ya ɗage ta gefe guda.

Auna bobin ma. Tsakanin ƙafarsa ta 1 da ta 15 juriyar bobin mai lafiya ba ta kai om 1 ba. Bobin da ya ƙone daga ciki, ko na tsohon delko mai platin da aka liƙa, shi ke cinye modil ko ya raunana wuta.

Ƙafafun wannan modil sirara ne, soket ba ya kama su sosai, sai na ɗan matse bakinsa. Don zirga-zirgar Birni zuwa Zango a cikin garin Damagaram ya wadatar. Mai hanyar Tanut ko Agadas kuwa, ya nemi Bosch ko da na hannu ne, ya ajiye wannan a akwatin gaba tare da sukundireba da ɗan man.